Masu Kwana a Bayan Tanda

Litinin, 3 ga Yuni

Sun ƙaru. Makon jiya da katafila ta rushe ɗakunan hayar bayan tasha na ɗauka za su watse, kowa ya nufi danginsa. Ashe nan za su nufo. Kangon da ke bayan gidan burodina ya cika, benen nan da mai shi ya bari ba ƙofa ba taga tun kafin maigidana ya rasu. Waɗanda ba su samu wuri a ciki ba suna shimfiɗa kwali a jikin bangon tanda, saboda ɗumi. Da safe na zagaya duba itace, saura kaɗan in taka ƙafar wani tsoho. Shi ya ba ni haƙuri. Ni na wuce abina.

Ba kwanansu ne ya dame ni ba. Lungun ne. Tun daga ɗakin kwaɓi ake jin warin. Ni da ke sayar da abin da ake kaiwa baki.

Laraba, 5 ga Yuni

Duba-gari ya zo. Ya shiga lungu ya fito da hankici a hanci. Na ce masa ba mu ba ne, ya leƙa kango ya gani da idonsa. Ya ce, "Mama, ni ba ruwana da mai shi, bangon naki ne." In ya dawo ya tarar da haka zai garƙame min ƙofa.

Ɗana Dogo na tsaye yana ji, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ɗan nan zuciyar ubansa ya kwaso, bai kwaso haƙurinsa ba.

Alhamis, 6 ga Yuni

Masu shayi biyu ba su zo sari ba. Ban tambayi dalili ba, na sani.

Asabar, 8 ga Yuni

Taron unguwa a ajin makarantar firamare. Manya-manyan mutane mun dunƙule a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa.

Abin da ke ƙasa shi ne, akwai bulo da siminti da muka tara bara don ƙofar shiga layi, ba a yi ba. Aiki ɗaya za su iya, ba biyu ba. Shugaban unguwa ya ce kafin a taɓa bulo a fara da ciki, yunwa ita ce gaba, a riƙa dafa musu abinci ranar Laraba. Mai kemis ya ce abinci kira ne, yau ka ciyar da goma gobe ɗari su zo. Shi a toshe ƙofofin kangon da bulo kowa ya kama gabansa. Wani ya ce barguna. Wata ta ce a kai yaransu makaranta. Limamin layi ya ce a yi haƙuri da juna, kowa ya gyaɗa kai, ba wanda ya ji.

Sai Nas ta tashi. Ta yi ritaya amma muryar asibiti na nan. Ta ce duk muna ta yanka wa mutane riga ba mu auna su ba, wa ya je ya tambaye su? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai kemis ya ce, "Ai matsalar ke nan, waɗannan ba su da ɗakin." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Daga baya dariyar ta dame ni, ban san dalili ba.

Aka tambaye ni, tunda ni ce na fi kusa. Na ce ni dai lunguna nake so ya koma yadda yake. Shugaba ya ce za a ɗaga hannu ranar Lahadi 23.

Litinin, 10 ga Yuni

Da yamma na ga Dogo yana kwarara ruwa a gindin bangon tanda, bokiti bayan bokiti, don ƙasar ta jiƙe kada kowa ya kwanta. Na gan shi ta taga. Ya san na gan shi.

Na ja labule.

Talata, 11 ga Yuni

Ruwan sama tun safe. Wanda Dogo ya zuba ma ya zama ɓarnar ruwa kawai.

Laraba, 12 ga Yuni

Abincin Shugaba. Matan layi suka dafa shinkafa tukunya guda, aka kai da rana tsaka. Ba a tarar da kowa ba sai tsofaffi da masu goyo, sauran duk sun fita nema. Ashe suna da aiki. Ban taɓa kawo haka a raina ba, na ɗauka zama suke yi. 'Yan dako ne, da masu wankin mota, da mai gyaran takalmi.

Ƙanin Shugaba ya yi ta ɗaukar hoto. Wata mata ta rufe fuska da mayafi ta shige ciki, ba ta karɓa ba. Rabin tukunyar aka dawo da shi. Matar mai kemis ta ce ka ji masu girman kai.

Na aika da burodin jiya. Ba don komai ba, da zai lalace ne.

Juma'a, 14 ga Yuni



Gari ya fara wayewa na ce yau sai na kama mai ɓata min lungu. Na laɓe bayan tarin itace da tocila. Sai ga mata, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, ta goyo namiji babba a baya da zani, ƙafafunsa na jan ƙasa. Ta sauke shi a kan wani bokiti da aka fasa gindinsa, ta riƙe shi ta ƙarƙashin hamata. Na haska su. Na fara faɗa, ban ma tuna abin da na ce ba, na dai san na ambaci rashin kunya.

Ba ta firgita ba. Ta ce, "Baiwar Allah, kashe fitilar ki juya baya tukuna ya gama. Bayan nan ki zage ni son ranki."

Na kashe. Na juya. Ni da lunguna, na tsaya ina kallon itace kamar wadda aka sa wa horo.

Da ta gama gyara shi ta mayar da shi baya, ta tsaya a gabana tana haki. Mijinta ne, ɓarin jikinsa ya shanye. Banɗakin da suke shiga ya tafi tare da ɗakunan da aka rushe. Na kasuwa da nisa, sai an biya, kuma ba a buɗewa da wuri. Ta ce, "Ina kike so in kai shi? Nuna min, yanzu in ɗauke shi."

 Ya kifa fuska a kafaɗarta. Wannan kifa fuskar na san ta, na yi jinyar namiji har ƙarshe.

Na ce mata dai nan ba wurin yi ba ne, za a rufe min sana'a. Ta ce ta sani. Ta wuce.

Burodin farko ya ƙone. Laifina ne, na ɗora wa mai tanda.

Asabar, 15 ga Yuni

Nas ta zo ta ja ni kango. Na ce ina da aiki. Ta ce, "Ƙawata, aikin zai jira, saka takalminki." Ba a musu da matar nan.

Na zaci zan ga juji. A share yake. Sun raba wurin da igiya da tsofaffin zannuwa, kowa da ɗan saƙonsa. Matar jiya na can ƙurya da keken ɗinki, tana yi wa wani wando faci, mijin a kwance gefenta. Mai keke suke ce mata. Ta gan ni ta gaishe ni kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. Na ji daɗin haka, na kuma ji haushi.

Nas ta tambaye su, in abu ɗaya za a yi musu, me suke so? Su ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wata mai jariri ta ce leda ko buhu a toshe tagogi, feshin ruwa na dukan yaron. Mai gyaran takalmi ya ce wurin ajiya mai kwaɗo, don kullum sai wani ya fasa fita aiki ya zauna gadin kaya. Tsohon nan da na kusa takawa, direba ne a da, ya ce shi ba ya son komai, a dai daina zuwa ana kallonsu. Amma da Mai keke ta ce banɗaki da famfo, sai matan suka fara gyaɗa kai ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce tun da suka zo ba ta shan ruwa da rana, don kada ya matse ta kafin duhu.

Ba wanda ya ambaci abinci. Da Nas ta tambaya, Mai keke ta ce, "Mun gode wa masu dafawa. Amma abin da ya shiga ai sai ya nemi hanyar fita." Har Nas sai da ta dara.

A hanyar dawowa Nas ta ce kin ji ko? Na ce na ji, amma ba ni na rushe musu ɗaki ba.

Litinin, 17 ga Yuni

An sace janaretan mai kemis. Ba wanda ya ga ɓarawon, kowa ya san ko waye. Layi ya ɗauki zafi. Samari sun taru a bakin shagonsa tun hantsi, yana ta yi musu bayani da hannu. Na hango Dogo a cikinsu, ai ba ya ɓuya.

Na ce masa ya dawo ya lissafa wa masu sari kayansu. Ya ce yana zuwa. Bai zo ba.

Talata, 18 ga Yuni

Sun shiga. Da la'asar, lokacin da mazan kango duk suna wajen aiki. Wai bincike. Daga ɗakin kwaɓi nake jin ihun mata da ƙarar kwanuka, ana jefo kaya daga bene, katifa, tukunya, buhun tufafi, duk a cikin taɓo. Na fito bakin ƙofa na tsaya. Ƙafata ta ƙi gaba ta ƙi baya. Nas ce ta shiga tsakiyarsu da tsintsiya a hannu tana kiran kowane yaro da sunan uwarsa, tana cewa ita ta yanke masa cibiya. Da haka suka watse. Ba janareta ba alamarsa.

Bayan magariba na shiga ɗakin fulawa, sai ga kan keken ɗinki a bayan buhuna, an rufa masa buhu. Dogo na zaune a ƙasa, tafin hannunsa a yanke.

Ya ce, "Mama, da ban ɗauke ba da sun jefo shi daga sama."

Na ce kai me ya kai ka? Ya sunkuyar da kai. Na ce ɗaukewa ka yi don ka tsare, ko ɗaukewa ka yi? Ya ɗago ya kalle ni kamar na mare shi. Har yanzu ban san amsar ba. Ɗana ne, na fi son ta farko.

Na wanke masa hannun da ruwan gishiri. Bai ko motsa ba.

Laraba, 19 ga Yuni

Ni na mayar da kan keken. Da rana, a ka, kowa na gani. Nauyi kamar dutse. Mai kemis na bakin shagonsa ya bi ni da ido har na shige.

Na tarar da ita zaune gaban ƙafar keken, ba kai, hannuwanta a cinya. Na sauke. Ba ta yi godiya ba. Ta juya wilinsa, ta duba allura, ta ɗora shi a mazauninsa, ta taka sau biyu ta ji sautin. Sannan ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ɗanki ne ya fara shigowa."

Na ce shi ne kuma ya tsare miki wannan. Ta ce, "Haka ne. Duka biyun shi ne."

Mijin na ta ƙoƙarin faɗin wani abu, bakin ya ƙi. Na fito.

Yau ba a kai abincin Laraba ba. Shugaba ya ce sai ƙura ta lafa.

Alhamis, 20 ga Yuni

Ya rufe. Duba-gari. Ya manna takarda a ƙofa, ya sa kwaɗonsa a kan nawa. Kwaɓi na cikin kwano ya tashi, haka na bar shi. Ma'aikata na tsaye cirko-cirko, mai tanda yana tambayata gobe su zo? 

Sharaɗinsa: a kwashe lungu tas a zuba magani, sannan banɗakin ma'aikata a sa masa ƙofa da murfi. In an yi in kira shi.

Tun da marigayi ya kunna tandar nan ba ta taɓa kwana a sanyaye ba, ko ranar da aka kai shi. Yau na dafa bangon, sanyi ƙalau.

Su suka ja min. Na rubuta, su suka ja min. Kada gobe zuciyata ta yi laushi in manta.

Juma'a, 21 ga Yuni

Nas ta zo da wata magana, da ma na san ba gaisuwa ce ta kawo ta ba. Wai ko an yarda ranar Lahadi a yi banɗakin, ba inda za a yi shi. Filin kango na mai shi ne, yana ƙasar waje, ba a samunsa. Wuri ɗaya ne kusa da bututun ruwa kuma nesa da tanda: ɗan filin ƙarshen gidana.

Filin Dogo. Inda ubansa ya nuna da sanda ya ce nan ɗakin yaron nan zai zauna in ya tashi aure. Bulonsa na jibge a wurin, shi ya tara da guminsa. Gidan su yarinyar da zai aura sun zo sun gani.

Na ce mata an rufe min sana'a jiya, yau kuma filin marayana ake so? Ta je ta ba da tsakar gidanta. Ta ce da bututu ya bi ta can da ta bayar. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya ƙara ba ni haushi. Na ce ta tashi ta tafi. Tun muna 'yan mata ban taɓa ce mata haka ba.

Asabar, 22 ga Yuni

Ba barci, ba aiki. Gidan ba ƙamshin burodi kamar ba nawa ba.

Lahadi, 23 ga Yuni

An yi.

Ajin ya cika har waje. Mutanen kango sun zo, mai kemis ya ce ba 'yan unguwa ba ne, ba su da hannu a ciki. Suka tsaya ta taga. Nas ta faɗi abin da suka ce mana, tiryan-tiryan, ba ta ƙara ba ta rage ba. Shugaba ya ji zafin maganar abinci, ya ce wato alherinsa ne ba a so. Mai kemis ya ce a gina musu banɗaki yau, gobe su nemi ɗakin girki, jibi su ce unguwar tasu ce. Wani ya ce to a ina ma za a gina? Nas ba ta kalle ni ba. Ta rufa min asiri, ta ce ana nema.

Mai kemis ya nuna ni ya ce ga shaida nan, mace mai neman halalinta an rufe mata ƙofa saboda su. Aka yi ta Allah sarki. Ban so ya yi amfani da ni ba, amma ban hana shi ba.

Masu son a toshe kango su ɗaga hannu. Na ɗaga. Mun fi yawa nesa ba kusa ba. Hannuna na sama na juya, sai ga Mai keke a taga, ta dafa ƙarfen da hannu biyu. Ba harara, ba komai. Kallo kawai. Da ta harare ni da ya fi min sauƙi.

Nas ta yi ta faɗa har ta samo abu ɗaya: ba za a ɗora bulo ko ɗaya ba sai damina ta wuce. Liman ya goya mata baya, yau dai an ji shi. Mai kemis ya fita yana ƙunƙuni.

Dogo ya ce, "Mama, mun ci." Na ce ya wuce mu tafi.

Litinin, 24 ga Yuni

Kwashe lungu, ni da ma'aikata, da shebur da baro. Ba zan rubuta abin da muka gani ba. Muna cikin yi sai ga Mai keke da tsintsiyar kwakwa da bokiti, bayanta mata uku. Ba sallama ba magana, suka kama daga ɗaya ƙarshen. Muka haɗu a tsakiya. Na ce sannunku. Ta ce sannu, Yaya.

Yaya. Jiya-jiyan nan ta ga hannuna a sama.

Kafinta ya sa wa banɗakin ma'aikata ƙofa da murfi, bai ɗau lokaci ba. Dogo ya ja waya mai ƙaya a bakin lungu ta gefen kango.

Laraba, 26 ga Yuni

An buɗe. Duba-gari ya zagaya ya ce madalla, ya cire kwaɗonsa. Mai tanda ya hura wuta yana waƙa. Masu shayi sun fara dawowa.

Ya kamata in ji daɗi. Na ji, mana.

Juma'a, 28 ga Yuni

Lungu fes. Na tsaya ina kallonsa da safe sai tambayar ta faɗo min: to yanzu ina Mai keke take kai mijin?

Ba ruwana.

Lahadi, 30 ga Yuni

Mai tanda ne ya gaya min, ban tambaye shi ba. Tun da aka sa waya, kwarin da ke hayin titi take kai shi. Ta tsallaka titi da shi a baya, ta gangara. Jiya bayan ruwan nan santsi ya kwashe ta a gangaren, suka faɗi tare. Masu wankin mota suka ɗauko su. Shi goshinsa ya fashe, ita ƙugu.

Na aika wa Nas da burodi biyu, ba saƙo. Ta gane. Da yamma ta biyo ta ce ta duba su, ba karaya, amma matar ba za ta iya goyonsa ba sai an kwana biyu. Matan kango ke karɓa-karɓa, su biyu suna ɗaukarsa a bargo. Namiji mai iyali, matan maƙwabta na kai shi bayan gida. Ta ce ya daina cin abinci don kada ya buƙata.

Ba ta ƙara ta da maganar fili ba. Na yi ta jira ta tayar in samu abin yi wa faɗa. Ta sha ruwa ta tafi.

Talata, 2 ga Yuli

Na kira magini ya auna ƙarshen gida. Aunawa kawai.

Laraba, 3 ga Yuli

Dogo ya dawo ya tarar da igiya da turaku a filinsa.

Na ce banɗakin ma'aikata za a sake, na yanzu ya yi kusa da ɗakin kwaɓi, duba-gari ya yi magana. Ai ya yi maganar banɗaki, ban yi ƙarya duka ba. Ya ce, "Mama, ina wurin lokacin da ya yi maganar. Ƙofa da murfi ya ce." Na ce to ni na ce. Ya ce filinsa ne. Na ce filin ubanka ne, kuma ni ya bar wa riƙo. Ya ce da wane ido zai kalli gidan su yarinyar, ya ce musu ɗakin amarya ya zama masai? Muryarsa ta karye a nan. Ban taɓa jin haka ba tun yana ƙarami.

Na shiga na ɗauko makullin ɗakin marigayi. Tun da aka fitar da shi ban bar kowa ya kwana ciki ba, ni ke shiga in share in fito. Ya fi wanda zai gina girma, da tagarsa biyu. Na ajiye masa a kan benci na ce a yi fenti, a canja labule, kayan uban a kawo ɗakina.

Ya daɗe yana kallon makullin. Bai ɗauka ba. Ya ce, "Saboda su?" Na ce saboda ma'aikata. Ya fita, bai ci abincin gidan ba.

Na shiga ɗakin na zauna a bakin gado. Rigunansa har yanzu da ƙamshin hayaƙin itace. To. Ai ba a bar wa tufafi ɗaki mai rai na nema.

Juma'a, 5 ga Yuli

Ana haƙa. Makullin ba ya kan benci. Bai ce min komai ba, ni ma ban ce ba. Gaisuwa dai muke yi, ita ma a taƙaice.

Asabar, 13 ga Yuli

An gama jiya. Ɗaki biyu ya zama, tunda bulon ya isa. Ɗaya ƙofarsa na kallon tsakar gida. Ɗayan na kallon waje, ta gefen kango, da famfo a jikin bango. Magini ya ce ni na ce masa haka. Ban tuna ba, ranar hayaniya ta yi yawa.

Mai kemis ya zo har ƙofa, wai na ci amanar taro, ni da na ɗaga hannu. Na ce hannuna na ɗaga, kuma in damina ta wuce ku toshe kangonku, ban hana ba. Wannan gini a cikin gidana yake, da bulon gidana. Ya ce za su ƙaru. Wataƙila su ƙaru. Ya ce in duba-gari ya sake rufe ni kada in zo ina kuka. Wannan ta tsaya min a rai, don ba ƙarya ya yi ba, in ba a kula da wurin ba ni zan kwana a ciki. Janaretansa har yau shiru.

Shugaba kuma ya aiko wai ko za a yi ɗan taron buɗewa. Na ce a gaya masa masai ne.

Makullin banɗakin waje yana hannun Mai keke, don dole wani ya riƙa wankewa, ni ba zan iya ba. Ta zo karɓa tana ɗingishi. Ta ce matan sun raba kwanakin wanki a tsakaninsu. Ta fara wata magana, na ce ina da burodi a wuta. Abin da zai faru bayan damina ba ta tambaya ba, ni ma ban sani ba.

Dogo na fentin ɗakin ubansa. Shuɗi ya zaɓa, uban ba ya son shuɗi. Na ƙyale shi.

Na sa mai walda ya kafa ƙarfe a bangon na wajen, daidai inda mutum zai kama in ya tsuguna, ya kuma ɗaga mazaunin kaɗan. Ya ce, "Mama, wa ke da ciwon ƙafa a ma'aikatanki?" Na ce duk lafiyarsu ƙalau, ya yi aikinsa kawai, mutum bai san gobe ba.